Inabin da Ashken Ta Binne

Akwai wata mata a ƙauyenmu mai suna Ashken, tun zamanin da Rumawa da Farisawa suka mai da ƙasarmu Armeniya fagen dambensu. Har yau in kaka ta yi muka fita binne inabi, sai ka ji wata tsohuwa ta jawo labarinta. Na ji shi ba adadi, amma har gobe akwai wurin da in aka zo sai na sunkuyar da kai.

A wancan lokacin sarkinmu ba shi da sakat. In ya juya yamma, Farisawa su ce ya ci amanarsu. In ya juya gabas, Rumawa su ce ya ci tasu. Talaka kuwa ba mai tambayarsa wa yake so. Nasa kawai ya ba da hatsi, ya ba da doki, ya ba da ɗa.

Mijin Ashken sunansa Sahak, mutum ne mai sanyin hali. Shi da yayansa Gurgen sun gaji gonar inabi a gangaren da ke kallon dutsen Masis. Da aka zo rabo, Gurgen ya ɗauke ɓangaren sama mai shan rana, ya bar wa ƙanensa na ƙasa, inda sanyi ke fara sauka. Sahak ya karɓa hakanan.

Da wannan rabin gonar Sahak ke riƙe da gidansa: matarsa, da 'yarsu Nane da ba ta daɗe da fara tafiya ba, da mahaifiyarsu Nazik wadda ta zaɓi zama wajen ƙaramin ɗanta. Su shanya zabibi, su dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma, su kai kasuwa su samo alkama da gishiri. In ka cire inabin nan, ba su da abin sawa a baki.

Ana tsakiyar tsinkar inabi sai ga mahaya daga wajen hakimi. Sarki ya haɗa kai da Rumawa, ana neman namiji ɗaya daga kowane gida. Su biyun kuwa gida ɗaya ake ɗaukar su, tunda ubansu ɗaya.

Nan take Gurgen ya tuna yana da ciwon baya. Mutumin da jiya-jiya aka gan shi ya saɓi buhun alkama shi kaɗai, yau ga shi dafe da ƙugu yana nishi.

"Ni zan tafi, Yaya," in ji Sahak. "Ka zauna ka yi jinya."

A bakin ƙofa ya tsaya ya dubi matarsa.

"Ashken, ban bar miki komai ba sai aiki. In ganye ya zube ban dawo ba, ki nemi Yaya ya kama miki a binne inabin nan. Kin san halin sanyinmu. In ya same shi a tsaye ya zama itacen wuta, sabon dashe kuwa sai Nane ta yi wayo kafin mu ga 'ya'yansa."

Ashken ba mai yawan magana ba ce. Ta ƙulle masa gurasa a ƙyalle ta miƙa masa.

"Je ka, Allah ya tsare. Za a binne shi, ko da farce ne."

Gurgen yana gefe yana ji, har da 'yar dariyarsa. Sahak ya soke wuƙarsa ta datsa inabi a ɗamara, wai ko a fagen yaƙi mutum ya riƙa ganin abin gida, sannan ya bi mahayan.

Ba a jima ba rundunar Rumawa ta sauka a bakin kogi. Hafsansu, wani dogo mai suna Damiyanus, ya nemi gidan da ya fi kyau a ƙauyen, aka kai shi na Gurgen. A ranar ciwon baya ya warke.

Jama'a, ku zo ku ga Gurgen! Ya aske gemunsa tas irin na Rumawa, a garin da magidanci ba ya fita da haɓa tsirara. Ya samo wata jar alkyabba da wani soja ya gaji da ita. Ya kwaso 'yan kalmomin yarensu yana jefa wa mutane a bakin rijiya, ko shi bai san ma'anar rabinsu ba. An raɗa masa cewa in Farisawa suka sha kashi shi za a naɗa dagaci, shi ke nan kai ya kumbura.

Wata safiya Damiyanus yana zaga gonaki, sai ya ga wani tsoho ya kwantar da kurangar inabi yana tura mata ƙasa. Ya tsaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ɗan bakin teku ne, garin da ko ruwan randa bai taɓa daskarewa ba.

"Ku mutanen nan da abin mamaki kuke," ya ce wa Gurgen. "Abu da ransa ku binne shi? A garinmu inabi a kan rumfa yake zama rani da sanyi, yana shan iska. Shi ya sa namu ake kaiwa gaban Kaisar sarkinmu, naku kuwa warin ƙasa yake yi."

Maganar nan ta shiga kan Gurgen ta zauna daram. Kafin mako ya zagayo ya sa an saro masa dirkoki, ya kafa rumfuna a gonarsa, ya ɗaga inabinsa sama ya ɗaure.

Ganye ya zube, Sahak bai dawo ba. Ashken ta riƙo hannun surukarta suka hau gidan Gurgen. A al'adarmu matar ƙane ba ta yi wa yayan miji magana kai tsaye, sai dai ta raɗa wa tsohuwa, tsohuwa ta faɗa.

"Ɗana," in ji Nazik, "matar ƙanenka tana roƙon ka ara mata ma'aikatanka a rufe inabin Sahak. Naka ma lokaci ya yi."

"Haba Inna, wannan ai ƙauyanci ne, an wuce wurin. Mutanen da suka mallaki rabin duniya ba sa binne inabi. Mu da ko kanmu ba mu mallaka ba, mu ne za mu koya musu noma?"

"Ubanka ya binne, kakanka ya binne."

"Shi ya sa suka mutu ba wanda ya san sunansu a bayan dutsen can."

Tsohuwa ta dube shi tun daga ƙafa har zuwa haɓarsa mai sheƙi.

"To madalla. Haɓar nan taka dai ka nema mata abin rufa, sanyi na tafe."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Rumawa suka tashi haƙa rami kewaye da sansaninsu, suka ce a tattaro musu duk wani shebur da diga da fartanya na ƙarfe. 'Yan mazan da suka rage a ƙauyen kuma aka tasa su gaba zuwa wajen haƙan. Wa zai nuna wa sojoji gidajen? Gurgen mana, shi da ya san abin da ke bayan ƙofar kowa.

Ashken ta ɓoye nasu a ƙarƙashin ciyawa. Gurgen ya shigo bai ko yi dube-dube ba, ya nufi wurin ya zaro shi. Ranar ce ta fara yi masa magana baki da baki tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, shebur ɗin ƙanenka ne. Shi kaɗai gare mu."

Gurgen ya yi turus, sannan ya murtuke fuska.

"Au, yau kuma baki ya buɗe? Ba ke kika ce ko da farce ba? To ga ranar farce ta zo."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, ta yi shi mai isarta. Da ta gama ta wanke fuska. Ta ɗauko shebur ɗin katako da ake ture ƙanƙara daga rufin ɗaki da shi, ta fasa wata tsohuwar randa ta zaɓi manyan tsingaro, ta rataya kwando, ta nufi gona.

Ko a ranar daɗi aikin nan na mutum biyu ne. Ɗaya ya lanƙwasa kurangar a hankali har ta kwanta, don in ya yi gaggawa sai ta karye, ɗaya kuma ya tura ƙasa har ta rufu da kauri. Nazik da gwiwoyinta masu ciwo ta zauna a ƙasa tana danne rassan da jikinta. Ashken ta kankaro ƙasa da tsingaro, ta cika kwando, ta juye, ta koma. Nane tana gefe a naɗe cikin fatar tunkiya tana tsotson zabibi.

Rana ta faɗi ba su gama ko kunya ɗaya ba. Gona kuwa ga ta nan a shimfiɗe har bakin rafi.

Suna da maƙwabciya mai suna Zaruhi, mace mai baki kamar aska, wadda nata mijin ma yana wajen yaƙi. Ta zo ta jingina da katangar gonar ta riƙe ƙugu.

"Sannu Uwar Nane, sarkin aiki! Wa kike binne wa? An ce Farisawa na tafe har da giwaye. Kowa yana ɗaure kaya zai hau dutse, ke kina nan kina wasan ƙasa."

"Farisawa ƙila su zo, ƙila su bi wata hanya," in ji Ashken, ba ta ko ɗago ba. "Sanyi kuwa tun da aka haife ni bai taɓa fashi ba."

"To in sun zo sun ƙwace gonar fa?"

"Su ƙwace ta da ranta. Ni dai ba a hannuna za ta mutu ba."

Zaruhi ta ja tsaki ta tafi, tana cewa taurin kai sai ya kashe wata a garin nan. Washegari da sassafe sai ga ta da nata shebur ɗin katako, ta sha mur.

"Kar ki ce mini komai. Ke kika hana ni barci jiya. Matsa can, ba haka ake riƙe kwando ba."

Inda Zaruhi ta shiga kuwa ba a yin shiru. Ta bi gida-gida tana zolayar mata, wadda ta ƙi fitowa ta sa mata suna. Kafin ka ce me, waɗanda suka ɗaure kaya sun kwance, gangaren ya cika da mata da tsofaffi, kowa da tsingaronta.

Sai gardama ta tashi a kan gonar wa za a fara. Kowa tana tsoron kar sanyi ya riski tata a buɗe. Har an fara nuna wa juna yatsa, Ashken ta ce:

"Mu yi kunya ɗaya a gonar kowa, mu zagayo, mu sake. In sanyi ya riga mu, kowa ta yi asara kaɗan, ba wadda za ta rasa duka. Tawa ta zama ta ƙarshe a kowane zagaye."

Haka aka yi. Farce ya tsage, tafin hannu ya fashe, suka shafa kitsen tunkiya suka naɗe da tsumma suka ci gaba. Sojojin Rumawa in sun zo wucewa su tsaya suna nuna su suna dariya. Gurgen kuwa kullum sai ya hau katangarsa da jar alkyabbarsa ya leƙo.

"Sannunku da gina maƙabarta!"

"Yawwa, Kaisar!" in ji Zaruhi. "Mun bar maka wuri a ƙarshen layi!"

Tun daga ranar sunan Kaisar ya bi shi, har 'ya'yan cikinsa sai da suka riƙa ɓoye dariya.

A kan iyakar gonakin biyu akwai wata tsohuwar kuranga mai kaurin cinya. Ita mahaifinsu ya fara dasawa, daga jikinta aka yanko duk sauran, shi ya sa ake ce mata uwar gona. Gindinta yana ɓangaren Gurgen, amma wani dogon reshenta ya tsallako ɓangaren Sahak, ya daɗe a kwance har ya yi tasa saiwar. Duk sanda Nazik ta ɗaga kai ta ga uwar gona a ɗaure a kan rumfa sai ta share hawaye.

Ashken ta jawo kwandonta ta fara rufe reshen.

"Ke! Kar ki taɓa mini uwar gona!" Gurgen ya daka tsawa daga sama.

"Ban taɓa naka ba, Yaya. Iya wanda ya tsallako nake rufewa, kuma da ƙasar Sahak."

Ya ja alkyabbarsa ya shige gida.

Ranar ƙarshe Masis ya ɓace cikin baƙin girgije, iska ta juyo daga arewa. Duk wanda ya girma a nan ya san ma'anar wannan. Kunya ɗaya ta rage, ta Ashken. Ƙasa ta fara tauri, tsingaro yana karyewa a hannu, ƙanƙara ta soma zuba. Mata sun gaji liƙis, wasu ko miƙewa ba sa iya yi.

"Uwar Nane, a haƙura da wannan ɗayar mana," in ji wata. "Ai kin yi abin da namiji bai yi ba."

"Ku je ku hura wuta, na gode, Allah ya saka. Ni sai na ga ƙarshenta."

Ba wadda ta tafi. Kunya ta kama su, ko ƙauna ce, ban sani ba, amma suka sake durƙusawa. Da aka juye kwandon ƙarshe Ashken ta zauna a kan kunyar, ta kasa buɗe yatsunta. Zaruhi ce ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya daga jikin tsingaron, tana yi tana zaginta, tana kuka.

Sanyin shekarar nan har yau ana ba da labarinsa. Kogi ya daskare har keken shanu yana bi ta kansa. Aka gwabza da Farisawa a wani kwari can kudu, Rumawa ba su ji da daɗi ba, suka komo sansani a jigace. Mutanen bakin teku ne yawancinsu, sanyi ya fi mashin Farisawa yi musu ɓarna. Suka ƙone shinge, suka ƙone ƙyauren coci, suka ƙone duk abin da wuta za ta ci.

Wata safiya Gurgen ya fito ya tarar da sojoji a gonarsa da gatura. Rumfunan nan masu kyau sun riga sun tafi, yanzu inabin ake sara. Ya ruga wajen Damiyanus, ya same shi a dunƙule cikin barguna, haƙoransa suna kaɗawa.

"Ranka ya daɗe, inabina! Gadon ubana ne!"

Damiyanus ya sa aka miƙo masa reshe ɗaya, ya karya. Cikinsa baƙi ƙirin, a bushe.

"Wane inabi? Wannan ai ya daɗe da mutuwa. Ni ban san ana irin wannan sanyi a duniyar Allah ba." Ya ja bargo ya dubi Gurgen da mamaki na gaskiya. "Amma kai da aka haifa a nan, me ya hana ka binne naka kamar sauran mutanenka?"

Gurgen ya juya ya fita.

Ba a daɗe ba Rumawa suka tattara suka yi yamma, ko sallama ba su yi masa ba, balle maganar dagaci. Ya ɗauki jar alkyabbar ya tura ta cikin tarin takin shanu. Abin da ya binne ke nan a shekarar. Gemu kuwa ya ƙi sauri, duk da kullum sai ya shafa ya ji.

Sai ga Farisawa. Giwayen da ake ta faɗa ba a ga ko ɗaya ba, amma dawakai sun cika gangaren. Umarnin da suka zo da shi a fili yake: duk ƙauyen da ya sauki Rumawa a sare masa inabi, don ya daɗe yana tunawa.

Hafsansu ya tara mutane a filin gona ya tambayi gidan da baƙon ya sauka. Ba wanda ya tanka, har Zaruhi ta kame bakinta. Ya bi fuskoki ɗaya-ɗaya, ya zo kan haɓar Gurgen ya tsaya. Aka yi masa bulala a gaban kowa, aka kora shanunsa, aka cinna wa gidansa wuta.

"Saura inabi," in ji hafsan. "Na ga kututture a sama. Ina sauran?"

Ko'ina fari fat, ba abin da ake gani sai tudu-tudu a ƙarƙashin ƙanƙara.

"To zan bi gidajenku da wuta ɗaya bayan ɗaya har wani ya tuna."

Ashken ta miƙa wa surukarta Nane, ta fito gaba. Zaruhi ta cafko rigarta tana raɗa, "Kin haukace ne?" Ta fizge.

"Kana tsaye a kan tawa, ranka ya daɗe. Ta Zaruhi ga ta can, sauran suna biye har bakin rafi. Ka bar mana gidajen, akwai yara."

Hafsan ya sa a tono. Wani ƙato ya ɗaga diga ya kai wa kunyar sara. Digar ta yi tsalle kamar ta daki dutse. Ya sake, ya sake, ƙota ta karye. Aka kawo wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ƙasar da matan nan suka tara da kwando ta daskare ta zama abu guda, ko ɓamɓaroki bai fita ba.

"Yallaɓai," in ji wani tsohon soja, "sai dai a hura wuta a kan kowace kunya, itacen kuwa Rumawa sun ƙone. In mun tsaya nan dawakai za su mutu."

Hafsan ya dubi gangaren tun daga sama har ƙasa, sannan ya dubi Ashken.

"Na ga tarin shebur ɗinku a sansanin Rumawa. Da me kuka yi wannan?"

Ta kwance tsumman hannunta ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"In ƙanƙara ta narke zan dawo," ya ce.

"Za ka same mu. Lokacin tonewa ne, dama muna neman hannu."

Wani soja ya tuntsure da dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari. Suka hau suka tafi, kuma ba su dawo ba, don yaƙin ya koma cin wasu mutanen a wani kwarin.

Da yamma Nazik ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hayaƙin gidan babban ɗanta. Ba ta roƙi komai ba, don ta san abin da ya yi. Ashken ta ajiye gurasar da take yayyafa wa ruwa.

"Inna, ki ce su shigo. Yayan Sahak ba zai kwana a waje ba ina da tanderu."

Haka Gurgen da matarsa da 'ya'yansa suka ƙare hunturun, ƙafafunsu a gefen tanderun Ashken, suna cin zabibinta. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Ina jin da ta zage shi da ya fi samun sauƙi, don har sanyi ya wuce bai iya haɗa ido da ita ba.

Ƙanƙara ta narke, shamuwa ta dawo kan rufin coci. A makon ne wani mutumin ƙauyen gaba, wanda suka tafi tare da Sahak, ya shigo yana dogara sanda. Ya gaida tsohuwa, ya zaro wuƙar datsa inabi daga ɗamararsa ya ajiye a gabanta. Kowa ya gane wuƙar.

"A mashigin kogi ne," ya ce. "Kibiya. Mu muka rufe shi da hannunmu. Kafin ya cika ya ce in Allah ya kawo ni gida in tambaya, wai an binne kuwa?"

"An binne," in ji Ashken.

Nan ne wurin da na ce muku nake sunkuyar da kai.

Aka zauna makoki. Amma ƙasa ta yi ɗumi ta jiƙe, inabin da aka binne kuwa in ya wuce lokacinsa a ciki idanunsa ruɓewa suke. Ba a tashi daga zaman ba Ashken ta miƙe da baƙin mayafinta, ta soke wuƙar mijinta a ƙugu, ta ɗauki kwando.

"Haba Uwar Nane," in ji matan, "ko makokin ba a share ba. Me mutane za su ce?"

"Abu biyu nawa ƙasa ta karɓa a sanyin nan," ta ce. "Ɗaya ba za ta dawo mini da shi ba. Ɗayan kuwa in na ƙara kwana ruɓewa zai yi, kuma shi ne abincin Nane."

Zaruhi ta fyace hanci ta miƙe. "To me kuke jira? Ku tashi, ma yi kukan a can."

Da suka isa gona sai suka tarar an riga su. Gurgen ne a durƙushe a kan kunyar farko, yana tona da hannu, laka har gwiwar hannunsa. Bai ɗago ba.

"Ni ya kamata in tafi," ya ce. "Bayana lafiyarsa ƙalau."

"Na sani, Yaya. Kowa ya sani." Ta durƙusa a ɗaya gefen. "Yi a hankali, ka kusa kai wa reshen."

Suka ɗago kurangar farko tare, suka kakkaɓe ta. Nazik ta matso ta kankare bayan reshen da farcen babban yatsanta. Kore shar, har da ɗan ruwa yana tsattsafowa. Zaruhi ta kurma ihu, mata suka bazu kowa ta nufi tata. Daga wannan gona ka ji "Da rai!", daga waccan ka ji "Nan ma da rai!", har bakin rafi.

Ashken ta hau zuwa kan iyaka. Ɓangaren Gurgen ba komai sai baƙaƙen kututture, har da na uwar gona. Ta tone reshen da ya tsallako. Saiwarsa ta riƙe shi, idanunsa sun kumbura suna shirin fashewa.

Ta zaro wuƙar Sahak ta yanko rassa masu kyau, ta ɗaure su dami guda, ta miƙa wa Gurgen.

"Na babanku ne, ba nawa ba. Ka dasa. Kafin ya yi 'ya'ya ma ci na nan tare. Amma Yaya, in ganye ya zube..."

Gurgen ya rungume damin a ƙirjinsa, hawaye yana bin gemun da sai yanzu ya cika.

"Zan binne," ya ce. "Ko da farce ne."

Darasi: Kada rigimar manya ta sa ka saki aikin da ke hannunka, kuma kada ka raina abin da iyayenka suka koya da wahala don wani baƙo ya yi masa dariya, shi bai san sanyin garinku ba. Yi naka a kan lokacinsa, ko da tsingaro ne ya rage maka. In ka san wani da ya gaji har yana shirin ajiye kwandonsa, tura masa labarin Ashken yau.